Nazarin lamari: gangar lita 120 da kunun zakin da ya fara kumfa a Damagaram

Sana'ar kafin zuwan ganga

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune a wata unguwa da ke wajen ganuwar Birni a Damagaram. Ta haura shekara hamsin, mijinta ya rasu, kuma da kunun zaki take riƙe da gida. Wurin mahaifiyarta ta gaji sana'ar, har da randuna biyu da take aiki da su.

Tsarinta ɗaya ne shekara da shekaru. Da safe ta jiƙa gero tiya biyu, da yamma ta wanke ta rege, a kai inji a markaɗa shi da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali. Ƙullun sai ta raba shi biyu. Kaso mafi yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen da ta rage ta juya da muciya. A randa yake kwana, an rufe da faifai. Gari na wayewa ta tace, ta sa sukari, ta ɗura a gorunan roba, yara su fita talla wajen tasha da bakin Kasuwar Dole. Abin da ke fita bai wuce lita 30 ba, kuma kafin la'asar an sayar an dawo da kuɗi.

Ruwa da zafi su ne iyayen gidan duk mai irin wannan sana'a a garin. Damagaram a kan duwatsu take zaune, ƙarancin ruwanta kuwa tsoho ne, yana ma cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birnin ƙasar Yamai a 1926. Gidan matar ba famfo, wurin ƴan ga-ruwa take saye jarka-jarka, don haka ko wankin kayan aiki da lissafi ake yin sa. Zafi kuma daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40 da rana.

Fabrairu 2024: sayen ganga

Ana saura ƴan makonni azumi, wani ɗan kasuwa ya aiko mata cewa yana son ta riƙa kai kunu wani masallaci kullum, sadakar buɗe baki. Idan aka haɗa da masu sayenta na yau da kullum, abin da ake bukata ya doshi lita 100 a rana, wato gero tiya bakwai.

Ta fara tunanin firiza ta watsar. Tun Agustan 2023 da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, lantarki ya zama abin da ba a gina sana'a a kansa. Ƙarin randuna kuma ba wurin ajiye su, ga nauyi, ga fashewa. Sai ta sayi shuɗiyar gangar roba ta hannu, mai cin lita 120, irin mai faɗin baki da murfi da zoben ƙarfe da ake ɗaure shi da shi. Mai sayarwa ya ce kayan abinci aka zubo a ciki. Ta sansana ba ta ji wani wari ba, ta wanke da sabulun gari, ta shanya.

Murfin ne ya fi burge ta. Ƙura ba ta shiga, ƙuda ba ya samun hanya, akuya ba ta turewa, yaro ba ya tsoma kofi. Ta gwada gangar a ƙarshen Fabrairu da rabin cikinta, lokacin sauran sanyin dare bai gama tafiya ba, aka sayar kafin azahar. Kunun ya fito da zaƙi fiye da na randa, har ta rage sukari. Ta ɗauki wannan a matsayin riba, kuma a ranar riba ce.

Makon farko na azumi: alamun farko

An ɗauki azumi a mako na biyu na Maris, jadawalin gidan ya juya. Bayan isha'i ake damu, kai tsaye a cikin ganga, a ɗaure murfi. Tacewa kuma ta koma lokacin sahur, saboda ƴan matan gidan duk suna farke, sannan ita kanta tana so ta ɗanɗana zaƙin kafin alfijir, tunda da rana bakinta a rufe yake. Ana tacewa a manyan bahuna, a ɗauraye gangar da ruwa kaɗan, a mayar da tataccen kunun ciki, a zuba sukari, a sake ɗaurewa wajen ƙarfe 5 na asuba. Ba mai saye sai bayan la'asar. Kunun da a da yake yin awa shida ko bakwai tsakanin sukari da baki ya koma yin awa goma sha biyu zuwa sha uku.

Kwana biyun farko lafiya. A rana ta uku aka yi ragowa kamar lita takwas, ta ga asara ce a zubar, ta juye a cikin sabon. Washegari ma haka.

Rana ta biyar da la'asar aka tarar murfin ya kumbura. Ana sakin zoben ƙarfen ya yi tsalle da ƙara, kumfa ta biyo bakin ganga. Gorunan da aka ɗura suka yi tauri kafin a isa masallaci, wasu suna fesowa in an buɗe. Da dare saƙo ya zo daga mai sadakar: dattawa sun ce kunun yana cizon harshe, wani ma ya ce warin tsimi yake ji. A dakata tukuna.

Mako na biyu: gyare-gyaren da ba su yi ba

Abin da ido ya gani shi aka fara bi. Ta daina ɗaure zoben, ta riƙa ɗora murfin kawai. Kumburi ya tafi, ƙara ta tafi, amma kumfa da warin suna nan, cizon harshen ma bai fasa ba.

Sai zargi ya koma kan gero. Ta sauya mai awo, ta sayi wanda ya fi tsada. Bai sauya komai ba. Ta ninka kanumfari da citta, kunun ya yi yaji har yara suka ƙi shi, ya kuma yi kumfarsa.

Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar jiƙa kanwa ta zuba don ta kashe tsamin. Kanwa ta kashe tsamin kuwa, ta kuma rine kunun ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya koma wani abu dabam, kuma wanda ya kai dare a ranar ya yi wari marar daɗi da ba a taɓa ji ba a gidan. Sau ɗaya aka yi wannan.

An gwada ƙanƙara, ana jefa babban dunƙule ɗaya cikin ganga da azahar. A azumin bazara ƙanƙara tsada gare ta, kuma kafin awa guda ta narke ta bar kunun da ɗuminsa, ga shi ta ƙara tsinka shi. Daga nan ta yanke cewa datti ne, ta sa aka dirje cikin gangar da soson ƙarfe har robar ta yi fari-fari. Kwana ɗaya aka samu sauƙi, abin ya dawo. Wani maƙeri ya yi mata tayin gangar ƙarfe da aka yanke wa kai. Ta ƙi, don ta san yadda abu mai tsami ke cin baƙin ƙarfe ya ɗauko tsatsa da ƙarni.

A wannan makon ta koma yin rabin ganga, kuma kusan kullum sai an zubar da wani abu.

Tsakiyar azumi: tambayar malam

Asarar gero ba ita ta hana ta barci ba. Kalmar tsimi ce. Ta je wurin malamin da ke karantar da matan unguwa, ta ce: «Allah gafarta malam, ina tsoron kada in zama na shayar da masu azumi abin da Allah ya hana.»

Malam ya raba mata zancen gida biyu. Tsami shi kaɗai ba ya haramta abin sha, in ba haka ba da nono da koko sun haramta. Abin da shari'a ta kama shi ne maye, kuma duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Sannan ya jawo mata abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa an hana tsima abin sha a cikin duma da kuma mazubin da aka shafe da kwalta, malamai kuwa sun bayyana dalili: irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyawar abin da aka tsima. Ya ƙara da ruwayar cewa tsimin da ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin rana ta uku.

«Hajiya, tun a wancan zamani an san mazubi yana da hannu a cikin abin da ke cikinsa,» in ji shi. «Wanda kika yi shakka a kansa ki zubar, kada ki sayar. Yadda za a gyara kuwa, ki nemi wanda ya san aikin.»

Dare ɗaya da ma'aunin zafi

Ɗan ƙanwarta malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a garin. Ya zo da ma'aunin zafi mai dogon tsinke, ya roƙe ta ta yi damu ɗaya ta raba shi, kaso a randa, sauran a ganga.

Da ƙarfe 9 na dare duka biyun suna wajen digiri 65. Da sahur na randa ya sauko ƙasa da 30. Tsakiyar ganga kuwa yana kan 45, hannu ma yana jin ɗumin. Bayan an tace an ƙara ruwa da sukari, kunun ganga ya wuni tsakanin 35 da 38 har la'asar.

Bayanin da ya yi mata shi ne wannan. Randa tana tsattsafo, ruwan da ke fitowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi ko a Afrilu. Roba ba ta tsattsafo. Kuma duk yadda mazubi ya ƙara girma, cikinsa ya fi jikinsa saurin ƙaruwa, sai zafi ya rasa isasshiyar hanyar fita, balle abu mai kauri da ba ya motsi. A cikin ɗanyen ƙullu da dankali akwai sinadarin da ke narka sitaci ya mayar da shi sukari, kuma tsakanin digiri 60 da 70 ya fi aiki. A randa ɗan lokaci yake samu kafin a huce. A ganga ya samu rabin dare. Ga inda ƙarin zaƙin Fabrairu ya fito.

Sauran aikin na ƙananan halittu ne iri biyu. Akwai bakteriyar da ke kawo tsami mai daɗi, irin ta nono, wadda kunun zaki ba ya yiwuwa sai da ita. Akwai kuma yis, ɗan'uwan wanda ake sa wa burodi da fanke, shi kuma in ya ci sukari abu biyu yake fitarwa, kusan rabi da rabi a nauyi: barasa da iskar da ke sa lemun kwalba kumfa. Kilo ɗaya na sukari in yis ya cinye shi yana ba da iskar da ta haura lita 250, ninki biyu na cikin gangar. A cikin lita 100 na kunu, barasar da wannan kilon zai bari ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali giyar kwalba tana wajen kashi 5. Wato iska tana riga maye bayyana nesa ba kusa ba. Amma hanyar ɗaya ce, kuma kunun ya hau ta.

«Inna, da kika saki murfi iska ce kawai ta fita,» ya ce mata. «Ɗayan yana ciki.»

Ragowar jiya da take juyewa ita ce ta fi tayar masa da hankali. Masu dafa burkutu haka suke yi da gangan: su ɗebi tsohuwar su zuba a sabuwa don ta tashi da wuri. A Turai da Amurka ma masu dafa giya a gida sukan yi aikin a gangunan ƙarfen da ba ya tsatsa, masu cin lita 30 ko 50, su bar fili a sama saboda kumfa, su sa wata ƴar mafita da ke sakin iska ba ta barin ta waje ta shiga. Rufaffen mazubi, sukari, iri daga tsohon dahuwa, lokaci mai tsawo: abin da su suke tarawa da niyya, ita ta tara shi a tsakar gidanta ba ta sani ba, ta kuma ƙara da ɗumin da ke sa yis gudu.

Ya bi sauran gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. Soson ƙarfe ya kakkarce robar, kowane karce kuma maɓoya ce da ɗauraya ba ta kaiwa. Kanwa ta kashe tsamin da ke tsare kunu daga ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, har da masu sa ciwon ciki. Ƙanƙara kilo biyar a cikin lita 100 ba ta rage abin da ya wuce digiri biyar ko shida. A gindin gangar ya nuna mata alamar kusurwa uku da lamba 2 a ciki, ya ce irin robar ba ta da laifi ga abinci, sai dai alamar ba ta faɗin abin da aka taɓa zubawa. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta, wanki ba ya mayar da ita ta abinci.

Goman ƙarshe: sabon tsari

Damu ya bar ganga. Ya koma randunan nan biyu da manyan bahuna biyu masu faɗi, kowanne bai wuce lita 25 zuwa 30 ba, a rufe da faifai ko tsabtataccen ƙyalle, a ajiye inda iska ke bi. An kuma jinkirta shi zuwa bayan asham.

Tacewa ta koma hantsi. Sukari ba ya shiga sai bayan azahar, lokacin ɗuri, kuma an dafa shi da ruwa an bar shi ya huce. Matsalar ɗanɗano aka warware ta da awo: dare ɗaya ta auna kofin sukari nawa ke yi wa baho ɗaya daidai, daga nan kofi ke aiki, harshe ya huta. Ana ɗurawa sai gorunan su shiga kula, a jera ƙanƙara a tsakaninsu. Dunƙulen da ya kasa lita 100 a dunƙule ya iya da ƙananan goruna, kuma ruwansa ba ya shiga kunun.

Ragowa ba ta sake haɗuwa da sabo ba. In ta rage, gida ya sha da dare ko a ba almajirai tun tana da kyau. Goruna da bahuna da abin tata ana wanke su da sabulu da soso mai laushi, a jiƙa su a ruwan da aka ɗiga wa jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye sosai, a kife a rana. Wannan ya ƙara mata kuɗin ruwa, kusan jarka biyu a rana.

Gangar ba a yar da ita ba. Ta zama ma'ajiyar ruwa, aikin da murfinta ya dace da shi.

Sakamako

Ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024 sun zo da zafin da aka daɗe ba a gani ba a Sahel, har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. A cikin waɗannan kwanaki aka gwada sabon tsarin, kuma ba gorar da ta yi tauri, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Abin da take iya fitarwa ya tsaya wajen lita 70, bai kai 100 da aka so ba. Mai sadakar bai dawo ba a wannan shekarar, ya riga ya ba wata mai zoɓo. Masu sayen unguwa sun dawo kafin salla.

A azumin 2025, wanda ya faɗo cikin Maris, ta bi tsarin tun daga ranar farko, ta ƙara randa ɗaya. Ba a zubar da kunu ba.

Hukuncin mai nazari

A unguwar an tafi a kan cewa roba ce ba ta karɓi kunu ba. Ban yarda da wannan ba, ga bahunan da suka gyara aikin su ma roba ne. Abubuwa huɗu ne suka sauya a mako guda, gangar ita ce kawai ake iya nunawa da yatsa, sai ta ɗauki laifin sauran.

In za a jera su bisa nauyi, ragowar jiya ce a gaba. Kwana biyun farko an yi su da ganga da sukarin asuba da dogon jira, ba a ga komai ba. Kumfa ta biyo bayan juye tsoho a sabo. Na biyu shi ne awa goma sha biyun da sukari ya yi yana jiran magariba, abin da azumi ya jawo, ba mazubi ba. Girman gangar na uku ne: ta riƙe zafi, ta ƙara sukarin da yis zai ci, ta hana kunun hucewa. Da a ce tana da ɗaki mai sanyi ko wuta tsayayya, lita 120 ba za ta gagara ba. A tsakar gidan Damagaram cikin Maris, ta gagara.

Murfin kuwa, wanda aka fara kamawa, shi ne mafi ƙarancin laifi, har ma ya yi mata rana. Da a buɗaɗɗen mazubi abin ya faru, iskar za ta riƙa sulalewa ba a gani, kunun ya ci gaba da tafiya masallaci yana ƙara ƙarfi kullum, tunda irin da ake juyewa yana ƙara yawa. Kumburin ne ya sa aka tsaya a rana ta biyar. Wannan ya sa nake ganin sakin murfin ya fi kanwa haɗari a cikin gyare-gyaren da aka gwada: kanwa ta ɓata kunun a fili kowa ya ƙi shi, sakin murfi kuwa ya bar shi yana kama da mai lafiya.

Gwajin Fabrairu ma yana da nasa kason. An yi shi da rabin ganga, da daren sanyi, aka sayar kafin azahar, wato ba ɗaya daga cikin sharuɗɗan azumi da ya shiga ciki. Kuma ya ba da alama, wannan ƙarin zaƙin da ba a saya ba. Mai sana'ar tsimi kowace iri, kunu ne ko kamu ko nono, in ta sauya mazubi ta ga ɗanɗano ya motsa ko da ta wajen daɗi ne, ya kamata ta gwada cikakken awo a ranar zafi, ta bar gora ɗaya a rufe har magariba ta matsa ta ji, kafin ta karɓi kuɗin kowa.